Tsohon katakon cuku mai ɓera: a goge, a rataye, ko a ci a kai?

Maman Biyu (Leeds): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin kaya. A kasuwar nan da Turawa ke ci ranar Lahadi a fili, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baza tarkacen gida, na tsinci wani katako irin wanda suke ɗora cuku a kai su kawo wa baƙi. Itacen oak ne, ya yi launin zuma mai duhu, siffar ƙwai, bai kai faɗin tire ba, kuma a kan mariƙinsa an sassaƙa ɗan ɓera mai doguwar wutsiya. Samansa ba sumul yake ba, in ka shafa sai ka ji tudu da kwari ƙanana, ga sawun wuƙa ko'ina. Tsohuwar da ta sayar mini ta ce na mahaifiyarta ne. Maigida ya ce a bi shi da samfefa a shafa banish ya koma sabo, ni kuma hankalina bai kwanta ba. In goge ko in bari? Sannan ya halatta in zuba wa baƙi abinci a kai?

Yaya Mai Gwanjo (York): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, don Allah ki ɓoye samfefar nan kafin maigida ya dawo daga aiki. In dai abin da nake zato ne, kin tsinci dami a kala.

Akwai wani masassaƙi, Robert Thompson, a ƙauyen Kilburn nan arewacin Yorkshire. An haife shi a 1876, ya rasu a 1955. Da oak na Ingila yake aiki, kuma wajen 1919 ya fara sassaƙa ɗan ɓera a jikin kayansa a matsayin sa hannu, har sunan ya bi shi, ana ce masa Mouseman, wato mai ɓera. Kujerun coci ya yi, ya yi tebura da kabad na makarantu, amma abin da ya fi yawo a hannun mutane shi ne ƙananan kaya irin naki. Tudu da kwarin da kika ji ba lalacewa ba ce, sawun gizago ne. Da gangan suke bin saman katakon da gizago maimakon su mayar da shi sumul, kuma in haske ya bugi gefensa sai ki ga yana ɗan walƙiya kashi-kashi. Shi ake saya. Ranar da samfefa ta hau kansa, kin mayar da shi katakon yanka albasa.

Gidan aikin yana nan har yau a hannun zuriyarsa, suna ci gaba da yin sababbi, saboda haka ganin ɓera kawai ba ya nuna tsufa. Ki duba mini abu ɗaya: ɓeran yana da ƙafafun gaba?

Maman Biyu (Leeds): Na duba yanzu, Yaya. Babu. Kai da jiki da ƙafar baya da wutsiya kawai.

Yaya Mai Gwanjo (York): To, bayan 1930 ne ke nan. Ɓerayen farko suna da ƙafafun gaba, sai aka ga suna yawan karyewa, aka daina yi. Wannan ba aibi ba ne, yawancin waɗanda ke kasuwa haka suke. Saura ki tabbatar ba jabu ba ne, don akwai su. Ki duba gindin ɓeran da kyau. Na gaskiya daga jikin katakon aka fitar da shi, zanen itacen yana bi ta cikinsa ya wuce. In kika ga layin gam a ƙarƙashinsa, manna shi aka yi. In kina son ki huta da shakka, ki tura hotuna ga gidan gwanjon Tennants da ke Leyburn, su ne suka fi kowa ganin kayan Kilburn. Tsofaffi masu kyau sukan haura fam 100 a gwanjo.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wasu da suka koyi aiki a wurinsa sun buɗe nasu, kowa da dabbarsa, wani zomo, wani kurege, wani ƙadangare. Akwai masu tara su jeri guda a bangon kicin.

Hajiya Mai Jere (Katsina): Ikon Allah. Fam ɗari a kan katakon da wata ta gama yanke-yanke a kai. Ni fa 'ya'yana abin nan yana ba ni mamaki. Kun tafi Turai kuna bin shara kuna tsintar allon cukun kakannin wasu, alhali akushin kakanninku yana can bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki. Kwallaye da samira da fanteka da iyayenmu suka jera tun daga ƙasa har rufi, mun kwashe mun ba 'yan jari-bola mun sayi roba. Wa ya tara namu?

Anti 'Yar Damagaram (Lille): Hajiya, ina wuni. Maganarki dutse ce, amma bari in ɗan kare mu. Ni sai da na ga yadda mutanen nan ke riƙe tsohon kayan kicin sannan na waiwayi namu. A nan Lille, ƙarshen makon farko na Satumba, gari gaba ɗaya kasuwar tsofaffin kaya yake komawa, tituna a toshe, miliyoyin mutane. Za ki ga dattijuwa ta tsuguna tana jujjuya tsohon faranti tana karanta hatimin bayansa. Da na koma gida hutu, abin da na fara tambaya shi ne ina ƙoren innata mai zane, na same shi an zuba masa ƙusoshi a ɗakin ajiya. Yanzu yana nan rataye a kicin ɗina, kusa da farantan cukun Faransa. Ɗaya bai kori ɗaya ba.

Tunda an zo wurin, bari in faɗi yadda abin yake a nan, don a gane dalilin da kayan suka yi yawa. A Faransa cuku zango ne guda a cikin cin abinci, ana kawo shi bayan babban abinci, kafin kayan zaƙi. Mutanen Ingila kuma sukan kawo nasu a ƙarshe, bayan kayan zaƙin. Uwar gida za ta fitar da shi daga firij kamar awa ɗaya kafin lokaci don ɗanɗanonsa ya dawo, ta jera kala uku ko biyar, daga mai sauƙin wari zuwa mai ƙarfi, kowanne da wuƙarsa. Tire ɗaya ne ke zagaye teburi, kowa ya yanka ya miƙa wa na kusa. Kusan kowane gida yana da tiren, amarya ma ana ba ta gudummawarsa. Da tsofaffi suka mutu, 'ya'ya suka kwashe gidaje, sai kayan suka malalo kasuwa.

Waɗanda na fi so su ne na Vallauris, wani garin maginan tangaran kusa da Cannes. Shahararren mai zane Picasso ya fara aikin yumɓu a can a 1947, garin ya yi suna, masu gini suka yi ta fitar da kayan tebur a shekarun 1950 da 1960. Tiren cukunsu zagayayye ne, da mariƙi a tsaye a tsakiya, wani na ƙarfe wani an naɗe shi da kara, launuka masu kauri, kore da ruwan ƙasa da ruwan ƙwai suna narkewa cikin juna. A shagunan Emmaüs, na ƙungiyar agaji mai sayar da kayan gwanjo, har yanzu ana samunsu da araha in mutum ya yi sammako.

Hajiya Mai Jere (Katsina): To 'yar nan, tunda kin ɗauko ƙoren innarki kin wanke kanki. Sauran fa?

Sista Nas (Kaduna): Anti, kafin a wuce, ina da magana a kan tangaran ɗin nan masu sheƙi. Tsofaffin kayan tangaran da yawa, ruwan ƙyallin da aka shafa musu yana da dalma. Wanda ya fi fice shi ne irin da ake kira majolika na zamanin Sarauniya Victoria, wanda kamfanin Minton ya nuna a babban baje kolin Landan na 1851. Sun yi manyan murafan cuku da shi, dogaye, da zanen ganyaye da furanni a kumbure, don rufe cukun Stilton. Kyau kam ba a magana. Amma abu mai tsami ko mai gishiri da danshi yana iya jan dalmar ya shigar da ita abinci, balle in ƙyallin ya tsattsage. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma wasa da ita. Can daga ƙasar haƙar zinari ta fito, adadin ba ɗaya ba ne, amma guba ɗaya ce, kuma jikin yaro ba shi da wani ma'auni da za a ce wannan ba komai. Duk tsohon tangaran mai kala da ba a san asalinsa ba, a sa a kabad a yi kallo. In dole sai an yi amfani da shi, a shimfiɗa takardar gashi a kai.

Anti 'Yar Damagaram (Lille): Gaskiya ne Sista. Su kansu Faransawa sukan shimfiɗa ganyen inabi ko 'yar tabarmar kara a ƙarƙashin cuku. Ni ma haka nake yi.

Maman Biyu (Leeds): Na gode ƙwarai. Samfefa dai ta koma akwatinta. Amma tambayata ta biyu tana nan. Gidan Turawa ya fito, ban san me aka yanka a kai ba.

Ɗalibin Ilimi (Zariya): Bismillah. 'Yar uwa, tambayarki tana da tushe, don irin katakon nan ba cuku kaɗai ake ɗorawa ba, a gidaje da yawa har yankakken naman alade yana hawa. Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani, yana cikin Bukhari da Muslim. Ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da kwanukan Ahlul Kitabi, aka ce masa in sun sami wasu kada su ci a cikinsu, in ba su samu ba su wanke su ci. Malamai da yawa sun ɗauki wannan a kan cewa wanki yana tsarkakewa, barin kuma ya fi. To amma a mazhabarmu ta Malikiyya akwai ƙarin bayani: tukunyar ƙasa mai shan ruwa, in najasa mai ratsawa ta jiƙa ta har ciki, wanki ba ya tsarkake ta, kuma wasu malaman sun haɗa da kwanon itace. Sai dai ke ba ki tabbatar najasa ta taɓa shi ba, zato kike yi, asalin abu kuwa tsarki ne har sai an tabbatar da akasi. Mafita mai sauƙi ita ce wadda Anti ta faɗa, ki wanke, ki shimfiɗa wani abu a kai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ɓeran. Sura ce ta mai rai, sassaƙaƙƙiya mai inuwa. Wannan babi ne da malamai suka tsananta a kai, musamman in za a ɗaga ta a yi ado da ita. Ki kai wa malamin masallacinku ya gani da idonsa, don hukuncin yana duba ko surar cikakkiya ce, da kuma ko a wulaƙance take ko a girmame. Allah ne mafi sani.

Ɗan Zongo (Kumasi): Ai sai a sa wuƙa a fille kan ɓeran, magana ta ƙare.

Yaya Mai Gwanjo (York): Haba ɗan uwa. In Malam ya ce ba za a ajiye ba, akwai hanyar da ta fi wannan. Aikin hannun wani ne da ya ci shekaru yana koyo, ya kai wannan lokaci lafiya, kuma akwai masu nemansa da kuɗinsu. In ka fille kai, ba kai ba riba, ba su ba kaya. Ta mayar da shi kasuwa ta sayi wanda ba shi da sura, suna nan da yawa kuma wasu sun fi shi kyau.

Ɗalibin Ilimi (Zariya): Yaya, sayar da sura ma yana da nasa hukuncin, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa na ce ta kai wa malami, ta tambaye shi duka biyun, ajiyewa da sayarwa. Kuma tunda ana maganar tara kayan cuku, a kula da cokulan azurfa da ake kwasar Stilton da su. Ci da sha a kwanon zinari da azurfa haramun ne ga maza da mata, nassi ne bayyananne.

Yaya Mai Gwanjo (York): Na karɓa, Malam. Ga masu son bambancewa: azurfar Ingila ta gaske tana da hatimin ɗan zaki yana tafiya. In kuka ga haruffa EPNS, ba azurfa ba ce zalla, wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da 'yan Elkington na Birmingham suka yi wa rajista a 1840. Hukuncin mai ruwan azurfa kuma na bar wa malamai.

Anti Minnesota: Salam jama'a, na iso a makare. Maman Biyu, in kika ƙare da neman wanda ba shi da sura, ki nemi Dansk. Ni su nake tarawa, kuma zan yi ta yabonsu har gobe.

Wani Ba'amurke, Ted Nierenberg, da matarsa suka kafa kamfanin a 1954 bayan sun ga aikin wani ɗan Danmak, Jens Quistgaard, a Kopenhagen. Quistgaard ya zana musu kaya masu yawan gaske, tukwane, cokula, abin niƙa masoro, da tire da katakon cuku na itacen tik. Ba daga falle ɗaya yake yi ba. Ƙananan sanduna ake yankawa a haɗa da gam, a wasu kuma tsakiyar tiren a jera gutsattsarin itacen a tsaye, kan jijiya yana kallon sama, don wuƙa ta shiga tsakanin jijiyoyi ba ta yanke su ba. Gefen kuma ya lanƙwashe sama a hankali ya zama mariƙi, ba ƙusa, ba ado, ba komai. In kika ɗauka sai ki ji nauyinsa ya zauna a hannu daidai.

Ki juya baya ki duba hatimin da aka ƙona. Na farko-farko suna da 'yan agwagi huɗu, da sunan Danmak, da haruffan sunansa, JHQ ko IHQ. Daga baya aka mayar da aikin Tailan da Malesiya, kuma masu tarawa sun fi daraja na Danmak. Tik ɗin wancan lokacin na tsofaffin bishiyoyin daji ne, mai maiƙo a jikinsa, shi ya sa ruwa ba ya cin sa da wuri. Tailan ta hana sare dazuzzukanta a 1989 bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a kudancin ƙasar, kuma yawancin tik ɗin da ke kasuwa yau na gonakin shuka ne, ya fi fari, bai kai wancan maiƙo ba.

A nan Amurka akwai kuma masu araha na shekarun 1970, zagayayyen katako da murfin gilashi. Shagunan gwanjo cike suke da su. A kula dai, sau da yawa murfin ba nasa ba ne, an haɗa aure ne. In bai zauna daram a cikin kwarmin da aka yi masa ba, ki rage kuɗi.

Ɗalibin Ilimi (Zariya): Agwagin da ke ƙasan tire, zane ne marar inuwa kuma a ƙasƙance yake, wannan da sauƙi.

Ɗan Zongo (Kumasi): Ni tambayata, duk wannan katako me za mu ɗora a kai? Mu ba masu cin cuku mai shuɗin tsatsa ba ne.

Anti 'Yar Damagaram (Lille): Kai da kake zaune a ƙasar wagashi kake wannan tambaya? Wanda matan Fulani ke daskarar da madara da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi? Ka soya shi ka yanka ka ɗora, ka zuba yaji a gefe, ka ga in baƙi za su bar ko ɓarɓashi. Mu kuma a Nijar ga cukunmu na Abalak da yankin Tawa, siriri, busasshe, da sawun tabarmar da aka shanya shi a kai a jikinsa layi-layi. Ana karya shi a sha da shayi, ana daka shi a fura. Da Sallar bara na jera shi a kan katakon itacen zaitun, da dabino, da kilishi, da gyaɗa, da cukun Comté na Faransa a gefe guda. Maƙwabciyata Bafaransa sai da ta tambayi inda ake sayar da shi.

Ɗan Zongo (Kumasi): Anti kin kama ni. Zan gwada.

Baba Kafinta (Kano): Assalamu alaikum. Yaro na ne ya karanta mini abin da kuka rubuta, na ce bari in sa baki, don itace sana'ata ce tun ina saurayi.

'Yata ta Leeds, kin yi daidai da kika ƙi banish. Banish rufe itace yake yi, wuƙa ta fasa shi, ya riƙa ɓarewa yana shiga abinci, ruwa kuma ya shige ta wurin fashewar ya kwanta a ƙasa ya yi baƙi. Katakon abinci mai ake ba shi. Amma kada ki ba shi man gyaɗa ko man zaitun ko manja, duk za su yi ɗoyi a ciki bayan watanni, kuma ba ki da yadda za ki fitar. Ki je kemis ki nemi farin man farafin na sha, wanda ake ba mai taurin ciki, ba kananzir ba. Ki ɗan ɗumama shi, ki narka ɗan kakin zuma a ciki, ki shafa da tsumma mai tsabta, ki bar shi ya kwana, da safe ki goge. In ya sha duka, ki ƙara.

Wanki kuma, ruwa da ɗan sabulu, da sauri, a goge a tsayar da shi a kan gefensa don iska ta bugi fuska biyu. Kada a jiƙa, kada a sa a injin wanke kwanuka, kada a shanya a rana. In yana wari, gishiri da rabin lemon tsami. Shi oak yana da wani hali, in jiƙaƙƙen ƙarfe ya kwana a kansa sai ya bar baƙin tabo da ba ya fita da sauƙi, saboda haka kada ki bar wuƙa a kai bayan baƙi sun tafi.

Abin da na fi so in ja kunnenku a kai, ku masu kawo tsaraba gida, shi ne hunturu. Itacen da ya zauna shekaru a ƙasa mai danshi, in ya zo Kano iskar hunturu ta buge shi, ruwan jikinsa zai fita da gaggawa, ya tsuke, ya tsage. An sha kawo mini kujeru da tebura na waje a watan Janairu baki buɗe. Irin na haɗe-haɗen da 'yata ta Amurka ta faɗa su suka fi saurin buɗewa, a kan layin gam, don tsohon gam ba ya jure ja. In za ku kawo, ku kawo da damina, ku ba shi mai sosai kafin sanyi ya shigo, ku ajiye shi nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki.

Sannan a duba ƙananan huji irin na allura. In kika buga katakon a kan farar takarda gari ya zubo, ƙwaron yana ciki da rai, kuma zai bi sauran kayan ɗakinki.

Yaya Mai Gwanjo (York): Baba, Allah ya ƙara girma. A nan abin da muke yi wa mai ƙwaro, mu naɗe shi a leda mu ɗaure, mu sa a firiza mako biyu, mu fitar mu bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe. Kuma hitar ɗaki a lokacin sanyi tana yi mana irin ɓarnar hunturu, na ga tire masu kyau sun tsage don an jingina su da ita.

Sista Nas (Kaduna): Ga masu tsoron sawun wuƙa yana ɓoye ƙwayoyin cuta: Dean Cliver da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin sun gwada wannan, aka buga sakamakon a 1994. Sun zuba ƙwayoyin cuta a kan katako da roba. A katako ƙwayoyin suka nutse ciki, ba su dawo sama ba, suka yi ta mutuwa da ya bushe. Robar da wuƙa ta yi wa rauni ita ta fi wuyar wankuwa da hannu. Sharaɗin dai katakon ya bushe sosai, kuma wanda ya tsage har ciki a daina sa abinci a kai. Ɗanyen nama kuwa a ware masa nasa daban.

Maman Biyu (Leeds): Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe Juma'a maigida zai tafi da shi masallaci ya nuna wa liman, abin da ya ce shi za mu bi. Kafin nan na wanke shi, yana tsaye yana shan iska.

Hajiya Mai Jere (Katsina): Na zauna na karanta duka, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gizagon nan. Ashe abin da Bature ke biyan kuɗi a kai shi ne sawun da masassaƙanmu ke bari a bayan akushi da turmi, wanda muke ce wa aikin ƙauye. Na aika jikata gidanmu na gado ta duba ɗakin kakarsu. Ta samo akushi biyu, ɗaya da ɗinkin waya a inda ya taɓa tsagewa, da ludayin itace, da kwalla uku masu furen ja. Malam Kafinta, su ma farafin ɗin za a ba su?

Baba Kafinta (Kano): Akushin da ludayin, e, Hajiya, amma kaɗan-kaɗan, kuma kada a kankare baƙin, shi ne kyansa. Ɗinkin wayar ma a bar shi yadda yake. Kwallayen ruwan ɗumi da sabulu kawai, ban da soson ƙarfe, a goge su bushe don kada tsatsa ta ci wurin da fentin ya ɓantale.

Anti Minnesota: Baba, ni kuma roƙo nake. In na zo gida za ka iya yi mini katakon cuku da itacenmu, da gizago, ba inji ba? Na ji ana yabon maɗobiya.

Baba Kafinta (Kano): Maɗobiya kam itace ne mai kyau, 'yata, amma ki bar shi. An sare shi ba tausayi ana lodawa zuwa Sin har ya kusa ƙarewa a dazukanmu, tun 2017 ma yana cikin jerin itatuwan da aka sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe, za ki iya shan wahala da shi a filin jirgi. Maɗaci kuma ban so shi ga abinci. Ina da wani tsohon falle na loko da na cire daga ƙofar wani gida da aka rushe, ya bushe tun kafin a haife ki, hunturu ba shi da abin da zai yi masa. Kaurinsa inci ɗaya da rabi. Gizagon ba nawa ba ne, akwai wani dattijo mai sassaƙa turame da nake kai wa irin wannan aikin, shi zai bi samansa. Ki turo wa yaron faɗi da tsawon da kike so, ki kuma faɗa mini ko da mariƙi ko a huda shi a sa igiya.